Sharaɗin Tasalla

Ni ne mai awo.
Hukumar gari ta aiko ni da igiya da jajayen tutoci
bayan tsohuwar kasuwar gawayi, kudancin Jidda,
inda gishirin teku ke cin ƙyamaren gidaje.
Taku tamanin a tsaye, arba'in da bakwai a kwance,
darbejiya biyu, randa ɗaya.

Wai filin karnuka za a yi.
Mazauna dogayen benaye sun kai kuka:
dabbobinsu na tsufa a kan tayil,
ba su san wata ƙasa ba sai ta tukunyar fure.
Na zana ciyawa, na zana benci,
ƙofa cikin ƙofa, kada wani ya kufce,
ɓangaren manya, ɓangaren 'yan kwikwiyo,
har kwandon kashi na ba shi kusurwa.

Sai ga takarda daga ofishin waƙafi,
ta yi ja kamar shayin da aka manta a wuta.
Hajiya Tasalla, da ta tako da ƙafa daga Haɗeja,
shekara tara tana hanya,
ta mallaki wurin da kuɗin ƙosai da wankau,
ta dangwala yatsa ƙarƙashin magana uku:
Kada a sayar.
Kada a kewaye.
Kada randar ta bushe wa mai ƙishi.

Muka zauna mu bakwai, na'urar sanyi na tari.
Injiniya Suhailu ya ce fili ba shinge
gayyatar mota ce zuwa jini.
Lauya ya ce ai ragar ƙarfe ba katanga ba ce.
Malam Bakuru, jikan mai waƙafin, ya ja carbi:
"Kakata ba ta san raga ba,
amma ta san abin da ake kira ciki da waje."
Wata mai hoton farin kare a wayarta
ta tambaya ko mai ƙishi mutum kaɗai ake nufi.
Mai shayi ya shigo, ya zuba, ya fita,
bai tarar da amsa ba, bai bar ta ba.

Washegari na yi sammako in sake awon,
ko kuskuren taku ɗaya zai raba gardama.
Ban ko warware igiyar ba.
Ƙasa ta riga ni rubutu:
sawu bisa sawu a gindin randar,
inda take gumi tana ɗiga a fasasshen kasko.
Ba jiya aka ajiye shi ba,
gansakuka ta yi masa gemu.

Wata karya ta fito daga ƙarƙashin mataccen kwano na mota,
kunne a yage, haƙarƙari a ƙirge,
ba igiya a wuya, ba katin rigakafi.
Ta yi mini kallon mai gida ga baƙon da bai yi sallama ba,
ta sha, ta lashe hanci, ta wuce.

A zanena kuwa akwai allo a bakin ƙofa:
sai mai lamba, sai mai ubangida.
Ashe na zo yi wa karnuka fili ne
in kori karnukan da ke ciki.

Malam Bakuru ya iso da jarka biyu, yana haki.
"Ita ta kafa kaskon farko," in ji shi.
"Ba ta gaya wa alƙali ba.
Ta san zai tsaya tambaya, rana na yi."

Na koma ofis na ɗauki abin gogewa.
Inda raga take na shuka lalle a takarda,
gefe uku.
Na huɗun na bar shi kamar bakin randar.
Suhailu ya ce aikin bai ƙare ba,
na ce haka na same shi.

Fayil na hawa na huɗu, wata biyar ke nan.
Rana ta shanye jan tutocina,
yara sun mayar da biyu ragar ƙwallo.
Kaskon dai, duk asuba, a jiƙe yake.